Kafin Ka Aika Fom Ɗin Karatu Waje, Ka San Da Agogon Wa Za A Rufe

Bayan sallar magariba ne ɗan yayata ya shigo shagona da ke wajen Ƙofar Ƙaura, fayil a hammata, fuskarsa a sake. Wata uku muka yi muna haɗa takardunsa na neman gurbin digiri na biyu da tallafin karatu a wata jami'a a Malesiya. Abu ɗaya ya rage, takardar shaida daga malaminsa, ita ma a ranar ya karɓo ta. A shafin jami'ar an rubuta za a rufe ƙarfe 11:59 na dare. Muka ce ai da sauran lokaci, bari a tada inji tukuna tunda an ɗauke wuta. Da kwamfuta ta hau muka shiga shafin, sai muka tarar maballin aikawa ya yi fari fat, ba ya dannuwa. A samansa an rubuta da ja cewa an rufe.

"Kawu, ai bakwai ma ba ta yi ba," in ji shi, yana nuna mini agogon bango.

Gaskiya ne, bakwai ba ta yi ba a Katsina. A Malesiya kuwa biyun dare ake nema. Sun rufe tun biyar saura minti ɗaya na yammarmu, lokacin yana kan babur da takardar a aljihu. Na shekara da shekaru ina cike wa mutane fom, amma duk na cikin gida ne, su JAMB da WAEC da makarantunmu, inda agogon mai buɗewa da na mai cikewa ɗaya ne. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba: sha biyun wa? Har yau ina jin nauyin shirun da yaron nan ya yi a kan benci. Abin da na koya tun daga ranar shi ne nake so in shimfiɗa wa duk mai neman karatu a waje, da iyayen da ke sayar da hatsi ko dabba don biyan kuɗin fom.

Da farko, nemo abu uku

Ranar da ka fara sha'awar wata makaranta ko wani tallafi, kafin ka rubuta ko sunanka a fom, shiga shafinsu na asali ka nemo abu uku: ranar rufewa, ƙarfe nawa, da kuma agogon wace ƙasa. Kada ka dogara da sanarwar da aka turo a zauren WhatsApp ko aka liƙa a Facebook. Masu yaɗa irin wannan sanarwa rana kawai suke kwafowa, su bar awa da agogo, alhali a nan wuƙar take.

Haruffan da ke bin bayan lokacin, irin su GMT, UTC, CET, EST, su ne sunan agogon. In babu su a shafin farko, duba shafin tambayoyi da amsoshi ko takardar ƙa'idojin nema. In har ba ka gani ba, aika musu da imel ka tambaya tun da sauran makonni. Kafin amsa ta zo, ɗauka da agogon garin da makarantar take za a rufe.

Na biyu, gabas take ko yamma?

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa kallon tarawihin Makka a talabijin ya san suna tsaka da salla mu ko sallar isha'i ba mu yi ba. Mai sauraron BBC Hausa kuma ya saba jin ana faɗin lokaci da agogon GMT, sannan a faɗi na Najeriya da Nijar, wanda ya ɗara shi da awa guda. Rana daga gabas take fitowa, don haka mutanen gabas suna riganmu wayewar gari, suna riganmu kai wa tsakar dare. Duniya na juya digiri 15 a kowace awa, kuma tun taron da aka yi a Washington a 1884 aka tsayar da layin Greenwich na Landan a matsayin mafarin ƙirga. UTC da GMT, a wajen mai cike fom, abu ɗaya ne. Najeriya tana gaba da shi da awa ɗaya, rani da damina, ba ma sauyawa.

To ga abin da za ka riƙe: ƙasar da ke gabas da mu tana cinye maka awoyi, wadda ke yamma tana ƙara maka. Kuma abin lura, yawancin wuraren da yaranmu na Katsina da Daura suka fi nufa, wato Saudiyya, Masar, Turkiyya, Indiya, Malesiya da Sin, duk gabas suke.

In an ce za a rufe 11:59 na dare da agogonsu, ga yadda abin yake a nan. Saudiyya da Turkiyya suna gabanmu da awa biyu, don haka 9:59 na dare an gama. Dubai awa uku, 8:59. Indiya awa huɗu da rabi ce, rabin nan kuwa yana rikita mutane da yawa, 7:29 na yamma ke nan, kusan lokacin isha'i. Malesiya da Sin awa bakwai, 4:59 bayan la'asar. Sin duk faɗinta agogo ɗaya take amfani da shi a hukumance, na Beijing. Japan da Koriya ta Kudu awa takwas, 3:59. In kuma ofishi ne ya ce zai daina karɓa ƙarfe biyar na yamma, kamar yadda wasu ke yi, to biyar ta Japan tara na safe ce a Katsina. Wanda ya ce bari in karya kumallo tukuna, ya makara.

Ta yamma kuwa, Gana tana bayanmu da awa ɗaya. Gabashin Amurka da Toronto ta Kanada awa shida a lokacin sanyinsu, don haka 11:59 ɗinsu ya yi daidai da 5:59 na asubar washegari a nan. Kalifoniya awa tara, wato 8:59 na safiyar washegari. Akwai kuma wani agogo da wasu jami'o'i da tarukan masana ke rubutawa AoE, ma'ana muddin ranar ba ta ƙare a wani lungu na duniya ba to ba a rufe ba. Shi yana kai ka har 12:59 na ranar washegari. Shawarata game da waɗannan ƙarin awoyi ita ce ka san da su, amma kada ka sa su a lissafi. Guzurin ɓacin rana ne.

Na uku, yi lissafin da hannunka, sannan ka gwada da waya

Hanyar ba ta da wuya. Kowane agogo yana da lambarsa a kan UTC. Cire lambar daga lokacin da suka rubuta, sai ka ƙara awa ɗaya tamu. Misali, wata jami'a a Indiya ta ce biyar na yamma. Lambar Indiya biyar da rabi ce a gaba. Cire ta, ka samu 11:30 na safe. Ƙara ɗaya, 12:30 na rana a Katsina. In ƙasar yamma ce, maimakon cirewa sai ka ƙara.

Bayan ka yi da biro, buɗe manhajar agogo ta wayarka, akwai sashen agogon duniya, ka sa garin da makarantar take ya zauna kusa da na Legas. Ko ka shiga shafin timeanddate.com, wanda ke barin ka sa rana da awa ya juya maka. A nan akwai kuskuren da na ga mutane na yi: sai su duba bambancin yau, alhali wata uku ya rage a rufe. Dole ka sa ainihin ranar rufewar, saboda dalilin da ke tafe.

Agogon da ba ya tsayawa wuri ɗaya

'Yan gidan kallo sun fi kowa sanin wannan. Wasan ƙwallon Ingila na ranar Asabar da ake take shi uku na yamma a watan Agusta, in Disamba ta zo sai ya koma huɗu a wurinmu. Ba su ɗaga wasan ba, agogonsu ne suka mayar baya. Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai suna tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, su dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Amurka da mafi yawan Kanada suna yi daga Lahadi ta biyu a Maris zuwa Lahadin farko ta Nuwamba. Masar ta dawo da wannan tsari a 2023, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, don haka wani lokaci awa ɗaya ke tsakaninmu da Alƙahira, wani lokaci biyu. Turkiyya ta daina sauyawa tun 2016. Saudiyya, Indiya, Malesiya da Sin ba sa yi.

Dubi yadda wannan ke taɓa mai nema. UCAS, wadda ta nan ake neman digiri na farko a Birtaniya, ƙarfe shida na yamma take rufewa da agogon can, ba tsakar dare ba. Wa'adin tsakiyar Oktoba na masu neman Oxford, Cambridge da karatun likita yana faɗowa lokacin da agogonmu da nasu suke daidai, don haka shida shida ce. Wa'adin Janairu kuwa, shidansu bakwai ce a nan. Jamus akasin haka take: a Janairu agogonmu ɗaya da su, amma a wa'adin 15 ga Yuli, wanda jami'o'insu da yawa ke bi don zangon hunturu, suna gabanmu da awa guda, sha biyun darensu sha ɗayanmu ce. Su kuma jami'o'in Amurka masu wa'adin 1 ga Nuwamba, ranar tana kan gaɓar sauyin agogonsu, sai ka duba kalandar shekarar da kyau. Wasunsu ma EST suke rubutawa ko a tsakiyar bazara, alhali a lokacin awa biyar ce tsakaninmu ba shida ba. Duk inda fassara biyu ta yiwu, ɗauki wadda ta fi kusa.

Common App, da ɗalibai ke bi don neman jami'o'in Amurka da dama a lokaci guda, tana lissafa 11:59 da agogon inda mai nema yake zaune. Ma'ana kai da ke Katsina ba ka da wani ƙarin awa shida a nan, sha biyun darenka ita ce iyaka. Na ga wanda ya ji labarin cewa Amurka na bayanmu, ya kwanta da niyyar aikawa da asuba.

Ramukan da ba na agogo ba

Akwai wanda ya shafe mu musamman, kuma ban taɓa ganin an yi gargaɗi a kansa ba. A wurinmu dare ne ke gaba da yini. In Bahaushe ya ce daren Juma'a, daren Alhamis wayewar Juma'a yake nufi. A kalandar Bature kuwa rana tana farawa ne daga sha biyun dare ta ƙare a sha biyun dare. Saboda haka in za ka gaya wa wani wa'adi da Hausa, kada ka tsaya a "daren Juma'a", faɗi kwanan wata da awa.

Daga nan sai 12:00 a.m. Wannan farkon rana ne, ba ƙarshenta ba. In an rubuta 12:00 a.m. ranar 15, to da zarar ranar 14 ta ƙare an rufe, ranar 15 ɗin ba taka ba ce ko minti ɗaya. Shi kuma 12:00 p.m. tsakar rana ce. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya ya saba rufewa 12:00 na rana da agogon GMT, wato ɗaya na rana a nan, daf da azahar. Mutum sai ya ga sha biyu ya ɗauka ta dare ce, ya tafi harkokinsa.

Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana. In ka ga 03/04 a shafin jami'ar Amurka, 4 ga Maris ne, ba 3 ga Afrilu ba. Wata guda cur mutum zai iya asara a nan. Sannan haruffan agogo ma suna karo da juna: CST na iya zama agogon tsakiyar Amurka ko na Sin, IST na iya zama na Indiya ko na Ailan. Dubi ƙasar makarantar kafin ka yanke hukunci. Ga masu neman jami'o'in Saudiyya, in an rubuta wa'adi da watan Musulunci, to da kalandar hukumar ƙasarsu, Ummul Ƙura, suke aiki, wadda kan saɓa da ganin watanmu na nan da kwana guda. Nemo kwanan watan Bature da ya dace da nasu, ba da namu ba.

Na huɗu, yanka wa kanka naka wa'adin

Da ka gama lissafi, rubuta sakamakon da agogon Katsina a bangon fayil ɗinka da babban baƙi, ka haɗa shi da lokacin salla, don shi ne agogon da ba ma mantawa: "Laraba 15, kafin la'asar." Daga nan ka ja baya da kwana uku na aiki, wannan ita ce ranarka ta gaskiya. Sa ƙararrawa a waya saura mako biyu, saura mako ɗaya, da kuma ranar. Ka gaya wa mutum ɗaya a gida, wanda ka san zai dame ka da tambaya.

Me ya sa kwana uku? Domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abubuwan da ke tsayar da fom ba a hannunka suke ba. Katin banki na naira ba kullum yake wucewa a shafin waje ba, wani lokaci kuma kuɗin fom ya fi iyakar da banki ya yanka maka, sai ka nemi mai katin dala. Takardar makin darussa daga tsohuwar makarantarka kan ɗauki makonni. Sakamakon IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci, yakan ɗauki kwanaki kafin ya fito. Malamin da zai rubuta maka shaida yana da nasa uzurin, kuma a wasu shafuka, kamar UCAS, ba za ka iya aikawa ba sai tasa ta shiga. In za ka roƙe shi, je ka same shi da ladabi ka ce, "Malam, ranar kaza nake so in aika," ka faɗi taka ranar, ba ta makarantar ba. Ga wuta, ga sabis da kan tsinke ba sallama. A awoyin ƙarshe kuma duniya gaba ɗaya ke rububin shiga shafi ɗaya, sai ya yi nauyi ko ya tsaya cak.

Ka lura da ranakun aikinsu ma. Saudiyya da Masar Juma'a da Asabar suke hutu. Ofishin Malesiya da ke buɗewa takwas ya tashi biyar, a agogonmu ɗayan dare ne zuwa goma na safe. In kana da matsalar da sai an amsa maka, bayan sallar asuba za ka kira ko ka aika saƙo.

Na biyar, ranar aikawa

Da safe za ka yi, ba da dare ba. In a kafe za ka aika, dubi agogon da ke ƙasan allon kwamfutar ka gwada da na wayarka. Kwamfutocin gwanjo da yawa da ke shagunanmu suna nan a kan agogon ƙasar da aka sayo su, wasu kuma ƙaramin batirin cikinsu ya mutu, duk sanda aka kunna sai lokaci ya koma wani wuri daban. Wasu shafuka da agogon na'urarka suke nuna maka sauran lokaci, amma da nasu suke rufewa. Ka shigo da takardunka a shirye, an mayar da su PDF, an rage musu nauyi daidai da abin da shafin ya yarda, kwafi a filas, kwafi a imel ɗinka.

Adana fom daban, aika shi daban. Biyan kuɗi ma ba aikawa ba ne, a shafuka da yawa sai ka dawo bayan biya ka danna maballin ƙarshe. Kada ka tashi daga kujera sai ka ga shafin tabbaci da lambar nemanka, ka ɗauki hotonsa, sannan ka buɗe imel ka ga saƙonsu ya shigo. In bai shigo ba, leƙa akwatin saƙonnin banza. Ka kuma duba ko tallafin karatu yana da nasa wa'adin daban da na gurbi, don sau da yawa na tallafi ne ke riga rufewa.

In ƙaddara ta riga fata

Kada ka kwana a kai. A daren nan ɗan yayata ya so ya tafi gida kawai, na ce, "Zauna, ɗana, ba mu gama ba." Muka ɗauki hoton shafin da ke nuna sauran takardunsa duk sun hau, muka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai gajeren saƙo: cikakken suna, lambar nema, kwas ɗin da yake so, sannan gaskiyar abin da ya faru a jimla biyu, cewa komai ya kammala amma mun yi kuskuren lissafin bambancin agogo. Muka roƙi abu biyu, ko su karɓa a makare, ko su mayar da neman zuwa zango na gaba. Ban yarda a yi ƙaryar rashin lafiya ko a ce shafinsu ne ya lalace ba. Suna da bayanin kowane shiga da fita da aka yi, kuma wanda aka kama da ƙarya tun a bakin ƙofa ya rufe wa kansa ita.

Amsar da za ka samu ta danganta da abin da kake nema. Manyan tallafin karatu na gwamnatoci, waɗanda dubban mutane ke nema, in sun rufe sun rufe sai baɗi. Gurbin karatu kuwa ya fi sassauci. A UCAS, wanda ya kuskure wa'adin Janairu yana iya aikawa har 30 ga Yuni, sai dai jami'a ba dole ta duba shi daidai da waɗanda suka zo a kan lokaci ba, sai in da sauran gurbi. Jami'o'i da yawa a Birtaniya suna ɗaukar 'yan digiri na biyu a Janairu ban da Satumba, Jamus na da zangon bazara, a Malesiya ma da yawansu sau biyu suke ɗauka a shekara. Sakamakon IELTS shekara biyu yake aiki, don haka duba kwanan watan naka da na fasfo kafin ka tsara sake nema.

A irin wannan lokaci ne wasu ke zuwa su ce suna da mutum a ciki, a kawo kuɗi a buɗe maka shafin. Kada ka ba kowa ko sisi. Abin da ofishin bai yi maka da imel ɗinka na kyauta ba, ɗan tsakiya ba zai yi ba.

Mu bayan kwana huɗu suka amsa. Sun yarda su ɗauki takardunsa zuwa zango na gaba ba tare da ya sake biyan kuɗin fom ba, amma tallafin ya wuce sai wata shekara, kuma ba tare da tallafin ba Yaya ba ta da halin tura shi. Yanzu yana koyarwa a wata makarantar sakandare a cikin gari, yana jiran a sake buɗewa. Fayil ɗin yana cikin durowar shagona, takardar malaminsa a sama.